Kun Tambaya, Mun Amsa: Yini guda tsakanin kufan Maya da rijiyoyin Yukatan

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga waje ɗaya: yawon buɗe ido na yini guda da kamfanoni ke shiryawa a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, wanda ke haɗa kufan mutanen Maya, da iyo a rijiyoyin da ake kira senote, da leƙa rayuwar mutanen gari.

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan sauka a Kankun, na ga talla iri-iri na zuwa Cicen Itza da senote da wani tsohon gari duk a rana ɗaya. Anya yini ɗaya ya isa, ko dai cika baki ne na 'yan talla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ya isa, amma doguwar rana ce, ka ɗauka awa 12 ko 13 daga fita zuwa dawowa. Tsakanin birnin Kankun da kufan Maya na Cicen Itza kusan kilomita 200 ne, tafiyar awa biyu da rabi a babbar hanya mai lamba 180D wadda ake biyan kuɗin shinge. Ka ga awa biyar sun tafi a cikin mota tun ba a ga komai ba.

Abin da zai gyara maka ranar ko ya ɓata ta shi ne wane wuri za a fara zuwa. Ana buɗe ƙofar kufan da ƙarfe 8 na safe, a rufe da 5 na yamma. Akwai kuma wata garaɓasa da mutane ba sa lura da ita: jihar Kintana Ro, inda Kankun take, tana gaba da jihar Yukatan da awa ɗaya. Motar da ta bar Kankun da ƙarfe 7 ta miƙe kai tsaye za ta isa wajen 8 da rabi a agogon can, rana ba ta buɗe ba, fili kuma ba kowa sai tsiraru. Manyan bas-bas masu ɗaukar mutum 40 ko 50 ba haka suke yi ba. Sai sun bi otal-otal suna kwasar fasinja, abin da kan ci fiye da awa guda, sannan su tsaya a shagon kayan tsaraba, wani lokaci ma a fara da cin abinci. Sai rana ta take tsaka a sauke ku a filin da inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba, daidai lokacin da kowace bas ta iso. A nan ne mutane ke galabaita, su ɗauki hoto biyu su nemi hanyar komawa mota.

Don haka kafin ka biya, tambayi kamfanin abu uku: ƙarfe nawa za mu tsaya a ƙofar kufan, minti nawa za mu yi a ciki, mutum nawa ne a motar. Tsarin da ya dace shi ne kufai da sassafe, senote da tsakar rana lokacin da jiki ke neman ruwa, gari da la'asar. Ƙasa da awa biyu a cikin Cicen Itza ba ziyara ba ce. Ƙaramar bas mai mutum 12 zuwa 15 ta fi tsada, amma kuɗin da ka ƙara lokaci ka saya da shi. Ka kuma lura da wayarka, domin takan sauya agogo da kanta idan an tsallaka iyakar jiha. Daidaita da agogon jagora kafin a watse.

Tambaya: Idan lokaci ya ƙure, me ya kamata kada in bari ya wuce ni a ciki? Kuma ana hawa dalar nan da ake gani a hotuna?

Amsa: Ba a hawa. An daɗe da haramta shi, akwai igiya kewaye da ginin, wanda ya ƙetare kuma tara ce ke jiransa. Dalar, wadda ake kira El Kastiyo ko haikalin Kukulkan, abin bautar mutanen Maya, tsawonta kusan mita 30 ne har da ɗakin da ke samanta. Fuska huɗu gare ta, kowace da matakala 91. A haɗa su 364, a ƙara dandamalin sama ya zama 365, adadin kwanakin shekara. Ka tsaya daura da matakalar arewa ka tafa hannu, amsa-kuwwar da za ta dawo maka kamar kukan tsuntsu take. Kowane jagora zai sa ku yi, amma duk da haka abin ji ne.

Daga nan sai filin ƙwallo, mafi girma da aka sani a duk wannan yanki, mita 168 a tsawo, 70 a faɗi, da zoben dutse a can saman kowane bango. Kada ka tsaya kallon girmansa kawai, matsa kusa da sassaƙen da ke gindin bangon, inda aka zana 'yan wasa da wanda aka fille wa kai. Sai Senote Mai Tsarki, a ƙarshen wata tsohuwar hanya kimanin mita 300 arewa da dalar. Ba a iyo a cikinsa. Wurin hadaya ne, kuma daga shekarar 1904 Ba'amurke Edward Thompson ya yashe shi ya fito da zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan mutane. Wurin da gajerun ziyarori suka fi tsallakewa shi ne ɓangaren kudu, inda El Karakol yake, gini mai kewaye da ake ganin da shi suke lura da taurari. Idan jagora ya ba ku minti 40 na kanku, can ya kamata ka nufa, ba layin 'yan tireda ba.

In kana son hawa, Ek Balam, wani kufan Maya arewa kaɗan da garin Bayadolid, ta fi dacewa: jama'a ba su kai na Cicen Itza ba, kuma sassaƙen farar ƙasa da ke jikin babban gininta ya tsira da kyau. Tulum kuwa, ita ma kufan Maya, ƙarama ce, darajarta zamanta a kan gaɓar teku, kuma ta fi kusa da Kankun, kimanin kilomita 130.

Tambaya: Ni mace ce, ban iya iyo ba, kuma ba zan sa kayan wanka irin nasu ba. Shin in zauna a mota ne lokacin da aka je ruwan?

Amsa: A'a, Hajiya, ba sai kin zauna ba. Bari mu fara da mene ne senote, don daga nan ake gane haɗarinsa. Ƙasar arewacin Yukatan dutsen farar ƙasa ce mai shan ruwa, shi ya sa babu kogi a sarari; ruwan sama yana tsiyaya ƙasa ya taru a kogunan ƙarƙashin ƙasa. Inda rufin kogo ya rufta, ruwan ya bayyana, shi ne senote, kuma dubbai ne a yankin. Ruwan daɗi ne, garau, sanyinsa wajen digiri 24 zuwa 25 duk shekara.

Ma'anar wannan ita ce yawancinsu ba su da gaɓa mai gangara da mutum zai taka a hankali. Daga matakala sai zurfi. Ik Kil, wanda aka fi kai masu ziyarar Cicen Itza saboda kusancinsa, ana sauka kimanin mita 26 kafin a kai fuskar ruwa, ruwan kansa kuma ya haura mita 40 a zurfi. Ruwan daɗi kuma ba ya ɗaga jiki kamar na teku. Saboda haka rigar hana nitsewa wajibi ce a wurare da yawa, ko ga gwanin iyo. Da ita a jikinki ba ki buƙatar iya iyo, amma ki ɗaure ta tamau. Idan ta yi sako-sako, da kin shiga za ta haura har kunnuwa, ta matse haɓa, a nan ne tsoro ke kama mutum. Ki ja maɗaurin har sai an kama kafaɗar rigar an ɗaga ba ta wuce kunne ba. Ki shiga ta tsani, ki tsaya kusa da igiyar da aka shimfiɗa a kan ruwa, ki kuma nisanci ƙarƙashin dandamalin da samari ke tsalle.

A kula da matakala ma, ana jin rauni a kanta, don kullum a jiƙe take, dutsen kuma sulɓi gare shi. Silifa ba ta riƙe ƙafa. Takalmin ruwa mai ƙasan roba ya fi.

Batun sutura: doguwar rigar iyo mai dogon hannu da wando mai kama idon sawu, da hular da ke rufe gashi, ba wanda zai hana ki. Abin gudu shi ne zani ko mayafi ko doguwar riga ta auduga, domin suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafafu. Za a sa kowa ya watsa ruwa a famfo kafin shiga, kuma ba a yarda da man kare rana ko turare ko maganin sauro a jiki ba, saboda ruwan nan shi ne ruwan shan yankin kuma ba ya saurin wanke kansa. In senoten mai rufi ne, kada a taɓa duwatsun da ke rataye daga sama. Ɗigon ruwa na dubban shekaru ne ya gina su.

Tambaya: Abin da suke kira "al'adun gari" fa? Kuma yaya zan yi da abinci, tunda ba na cin naman alade?

Amsa: Kalmar tana ɗauke da abu biyu mabambanta. A tafiye-tafiye masu araha, sau da yawa ma'anarta babban shagon tsaraba a bakin hanya, da ɗan biki na hayaƙin turare a ƙofa, sannan a bar ku minti 45 cikin kaya masu tsada da direba ke da kamisho a kai. Ba zamba ba ce, amma kasuwa ce. Na gaskiyar shi ne ƙauye ko ƙungiyar haɗin gwiwa inda za ka ga ana dafa masara da ruwan toka ko farar ƙasa kafin a niƙa a yi waina mai faɗi da suke kira tortiya, ana saƙa ragar kwanciya, ana yi wa farar rigar mata ta hipil ado da zare, ko ana kiwon melipona, zumar da ba ta harbi. Mutanen Maya ba tarihi ba ne kawai. Sama da mutum 700,000 ne ke magana da harshen Maya na Yukatan a yau. A nemi izini kafin a ɗauki kowa hoto.

Garin da aka fi tsayawa shi ne Bayadolid, a allon hanya za ka ga Valladolid. Sifaniyawa suka kafa shi a 1543, bayan shekara biyu suka mayar da shi kan garin Maya na Saki. Yawancin motoci minti 20 ko 30 suke bayarwa a dandalin tsakiya, wanda ya isa kallon cocin San Serbasiyo da shan wani abu mai sanyi. Gidan ibadar San Barnadino, ginin shekarun 1550, yana da ɗan nisa, sai an ba da awa guda.

Abinci kuwa sai an buɗe ido, don alade shi ne ginshiƙin girkin Yukatan. Kocinita pibil alade ne, pok cuk alade ne, haka longanisa ta Bayadolid. Tarkon da ya fi ɓuya shi ne kitsen alade, manteka, da ake sawa a wake da tamale (ƙullin masara da ake turarawa cikin ganye), wani lokaci a soya da shi. Riƙe kalmomi biyu: "sin puwerko" wato ban da alade, "sin manteka" wato ban da kitsen. Papadsules, tortiya da dafaffen ƙwai da miyar 'ya'yan kabewa, ba nama a ciki. Tikin shik gasasshen kifi ne. Sopa de lima da kaza ko talo-talo ake yi, ga wanda bai damu da yadda aka yanka ba. Ƙaramin kofin shtabentun da za a miƙo maka a ce na zuma ne, barasa ce. Barkonon habanero kuma a ɗanɗana kafin a zuba.

Tambaya: An ce "komai na ciki" a kuɗin tafiyar. In yarda?

Amsa: Sai an rubuta maka. Kuɗin shiga Cicen Itza kashi biyu ne, na hukumar tarayya mai kula da kayan tarihi, INAH, da na gwamnatin jihar Yukatan, kuma farashi mai sauƙi a talla sau da yawa ya cire su, sai a cikin mota a karɓa. Hayar rigar hana nitsewa, akwatin ajiya mai makulli, abin sha a wurin cin abinci, da ihsanin jagora da direba, yawanci daga aljihunka ne. Tafi da peso, kuɗin Meziko, a hannu, ƙananan takardu, don na'urar kati takan ƙi aiki, canjin da 'yan tireda ke yi wa kuɗin waje kuma ba ya yi wa mai saye daɗi. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi da sandar kafa kyamara sai da izini na musamman.

Tambaya: Wane lokaci ne ya fi?

Amsa: Nuwamba zuwa Fabrairu, zafi da sauƙi, ruwan sama kaɗan. Afrilu da Mayu zafi kan doshi digiri 40; a ɗauki ruwa aƙalla lita biyu, da malafa ko laima. Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, don haka a zaɓi kamfanin da ke mayar da kuɗi idan an soke tafiya. A guji Lahadi, ranar da 'yan ƙasa ke shiga ba tare da biyan kuɗin tarayya ba. Wajen 20 ga Maris da 22 ga Satumba inuwa kan zana siffar maciji tana gangarowa ta matakalar arewa ta dalar Cicen Itza da yamma, dubban mutane kuma kan cika filin. Ana ganin kusan irinta kwanaki kaɗan kafin ranar ko bayanta, da sauƙin cunkoso.