Nawa ya kamata in kashe a keken tsere na farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Unguwar Dosa a Kaduna, ofishinmu kuma yana wajen Ahmadu Bello Way. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye min albashi, ga shi likita ya ce in rage teɓa. Ina sha'awar keken tsere, irin mai lanƙwasasshen hannu ɗin nan. An nuna min guda biyu: gwanjo na alminiyam mai giyar kamfanin Shimano samfurin Sora, da wani na kabon (wani haɗin zare mara nauyi, ba ƙarfe ba) mai Shimano 105 da ya ninka shi kuɗi sau uku, wanda sai na ci bashi zan iya saya. Abokaina sun ce in ɗauki mai tsadar, wai araha ba ta ado. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ci bashi a kan keken farko. Idan na alminiyam ɗin ya yi daidai da tsawonka kuma lafiyarsa ƙalau, shi za ka ɗauka.

Ba zan yanke maka farashi da naira ba, domin kekunan nan daga waje ake shigo da su, kuɗinsu kuma yana bin dala. Abin da nake gaya wa kowa shi ne: ka raba abin da ka tara kashi huɗu, uku na keke, ɗaya na kayan da ba a hawa sai da su. Mutane da yawa sukan zube komai a hannun mai keke, su koma gida babu hular kwano, babu fitila, babu ko famfo. Maganar famfon nan ba ƙarama ba ce. Yawancin kekunan tsere suna zuwa da siririn bawul da ake kira Presta, wanda bakin famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi, tun da nasa na bawul ɗin mota da babur ne. Tayar kuma tana son iska sosai, wajen 80 zuwa 100 a ma'aunin psi gwargwadon nauyinka da faɗinta, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an ƙara. Don haka famfo mai agogo ya zama dole, haka ma tib guda biyu na ajiya, kayan faci, makulli mai ƙarfi da fitila gaba da baya. Duk wanda ya taɓa bi ta Kawo bayan magariba, tsakanin 'yan adaidaita da manyan motoci, ya san amfanin jar fitilar baya.

Yanzu mu zo kan abin da ƙarin kuɗin yake saya maka. Giyoyin Shimano hawa-hawa ne: Claris mai faranti 8 a baya (wato faifan haƙora da sarƙa ke hawa), Sora 9, Tiagra 10, sai 105 mai 11 (sababbin fitowa 12), sama da shi kuma Ultegra da Dura-Ace na masu gasa. 105 kaya ne mai kyau, ban musa ba. Canjin giyarsa ya fi santsi, ya kuma fi sauƙin nauyi. Keken alminiyam na masu farawa yakan kai kilo 10 ko 11, na kabon kuma wajen 8. Wato kilo biyu zuwa uku ke nan za ka ci wa bashi. A gasa irin ta Tour de France, babban tseren keke na Faransa, inda doka ta hana keke ya gaza kilo 6.8, wannan bambanci babban abu ne, saboda ana haye duwatsu ana lissafin daƙiƙa. Kai kuwa daga Unguwar Dosa zuwa ofis za ka, da jaka a baya, a garin da hawansa ba su taka kara sun karya ba. Kilo ukun nan za su fita daga jikinka idan ka dage da hawa, kuma ai abin da likita ya nema ke nan.

Abin da ya fi damuna da na kabon ɗin shi ne yadda yake lalacewa. Alminiyam idan ya sha duka yakan lotsa, ka gani da idonka. Kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki, fenti na sheƙi a waje, kuma gyaransa aikin ƙwararru ne na musamman, ba na mai walda ba. Na taɓa duba wa wani matashi irinsa, ya saya da murnarsa, muka tarar da tsaga a ƙarƙashin sirdi an shafe ta da fenti. Har yau ina jin zafin abin, domin kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne. Ga kuma titunanmu: wasu sun sha gyara, amma rami ɗaya da ruwan damina ya rufe ya isa.

Sai ƙurar hunturu. Takan haɗu da man sarƙa ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Sarƙa kan yi kilomita 2,000 zuwa 3,000 kafin ta miƙe, a ƙura ma ba ta kaiwa haka idan ba a wankewa, kuma idan ka bar ta ta wuce lokaci sai ta cinye haƙoran farantin baya. Sarƙar giya 8 ko 9 ta fi kauri, ta fi araha, ta kuma fi saurin samuwa a kan ta 11. Kafin ka biya, ka zagaya wurin masu kayan keke ka tambayi sarƙa, taya da robar birkin keken da kake so. Idan aka ce sai an aiko daga Legas, ka sa wannan a lissafi.

Wurin da ba na son ka yi rowa shi ne girman keken. Ana auna shi da santimita: 52, 54, 56 da sauransu. Mai tsawon santimita 170 zuwa 175 galibi 54 ke masa daidai, amma kamfanoni sun bambanta, saboda haka ka hau ka gwada. Idan feda ta kai ƙasa, gwiwarka ta ɗan lanƙwashe kaɗan, hannunka kuma ya kai birki ba tare da ka miƙe kamar mai rarrafe ba. Keken da ya fi ƙarfinka ciwon baya da wuya zai jawo maka, ko da kyauta aka ba ka. Idan na Sora ɗin bai yi maka daidai ba, ka bar shi ka nemi wani irinsa.

Ranar ciniki ka tafi da mai gyaran keke da ka yarda da shi, ka ba shi ɗan na goro. Ya juya ƙafafun ya ga ko gargaren ya karkace, ya duba wuraren walda, ya bi giya ɗaya bayan ɗaya. Ya fi mai da hankali kan hannun birki, domin a irin wannan keke birki da canjin giya a haɗe suke wuri guda, kuma yana cikin kayan da suka fi tsadar sauyawa. Ka nemi taya mai faɗin milimita 28 idan za ta shiga, ta fi ta 23 haƙuri da titinmu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke ƙarƙashin keken, saboda kayan sata na yawo.

Ka hau shi shekara guda. Ranar da ka ga kana tashi bayan sallar asuba ka nufi Rigachikun ka dawo ba ka gaji ba, har ka fara tunanin kilomita 80 ɗin da ke tsakaninmu da Zariya, ka sake rubuto min mu yi maganar 105.