Maƙwaƙƙwafi da kurege sun mai da gidana rumbu

Tambaya: Ina zaune a gefen Sakaramento, jihar Kalifoniya, gidanmu na katako ne. Tun shigowar kaka wani tsuntsu mai jan kai ke huda bango yana cusa 'ya'yan itacen oak, cikin silin kuma motsin kurege nake ji. Guba zan sa ko tarko?

Amsa: Malam, ajiye maganar guba. Tsuntsun nan maƙwaƙƙwafi ne, kuma dokar tarayyar Amurka ta 1918 mai kare tsuntsaye ta haɗa da shi. Kashe shi ba izini laifi ne.

Ba ƙwari yake nema a bangonka ba, tanadin hunturu yake yi. Irinsa a dangi suke zama, su huda rami daidai girman ƙwallon oak ɗaya su danna shi ciki tsam, in ya bushe ya yi sako-sako su mai da shi rami mafi ƙanƙanta. Itace guda kan ɗauki rami har 50,000. Idan hudar ta zarce cikin bango sai ƙwallon ya faɗa, shi kuwa ya yi ta zubawa. A farkon 2023 aka ba da labarin an kwashe sama da kilo 300 na waɗannan ƙwallaye daga bangon wani gida a yankin Sonoma, nan Kalifoniya.

Abin da ke aiki shi ne raga. Rataya ragar tsuntsaye daga bakin rufi zuwa ƙasa, ka bar tazarar kamar santimita 8 tsakaninta da bango, don in ta manne zai yi sara ta cikinta. Ramukan kuma kwashe abin da ke ciki, ka cike, ka shafa fenti nan take, domin rami ɗaya kan jawo wani. Mujiyar roba da ake sayarwa ban ga amfaninta ba, kwana kaɗan suke gane ta.

Kurege kuwa hanya za ka tare masa. Sare rassan da ba su kai mita 2 zuwa 3 daga rufi ba, ka rufe bututun hayaƙi da kafofin iska da ragar ƙarfe, don katako da roba gwaguyewa yake yi, har wayar lantarki. Amma kada ka toshe ƙofarsa sai ka tabbata babu 'ya'ya a ciki, in ba haka ba uwar za ta fasa wani wurin. Sa wa ramin ƙofa mai buɗewa waje kaɗai, ka saurara kwanaki, in motsi ya ɗauke sannan ka liƙe.