Na tara amsa 400 amma malamina ya ce in sake daga farko

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a wata jami'a nan Legas, furojet ɗina a kan kuɗin da 'yan tumatur na kasuwar Mile 12 ke samu ne. Na haɗa tambayoyi a Google Forms na watsa a guruf-guruf na WhatsApp, mutum 400 suka cike, amma malamin da ke duba aikina ya ce in sake. Wai 400 ɗin ne ba su isa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya malamin naki bai zalunce ki ba, kuma ba yawan ne ya dame shi ba. Su waye suka cike fom ɗin? Masu babbar waya da data da lokacin zama su karanta Turanci, wataƙila rabinsu ma 'yan ajinku ne da 'yan uwa da suka cike don kara. Dattijon da tun asuba yake tsaye ana sauke masa kwanduna daga mota bai ma san kin yi ba, alhali shi kike bincike a kai.

An taɓa yin irin wannan a Amurka a 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan 10 tana tambayar wa za a zaɓa shugaban ƙasa tsakanin Landon da Roosevelt, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon ne zai ci, sai Roosevelt ya yi masa kayen raba ni da yaro. Sunayen daga littafin masu tarho da masu mota ta kwaso yawancinsu, wato masu hali, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa.

Sai ita kanta tambayar, nan ne na fi jin tsoro. In kin rubuta "nawa kake samu a wata?" to kin ɓata rawarki da tsalle, ɗan gwari ba albashi yake ɗauka ba, yau a ci riba gobe mota ta kwana a hanya kaya su ruɓe. Wani zai faɗa miki ciniki, wani riba, wani kuma ya ɗauka 'yan haraji ne suka turo ki ya rage rabi. Gara ki ce, jiya kwando nawa ka sayar, nawa ka saro, nawa ka biya kuɗin mota da ɗan dako, lissafin ke za ki yi a gida. Kuma kwando kwando ne a baki kawai, akwai babba akwai ƙarami, ki auna 'yan kaɗan a sikeli ki san kilo nawa ake nufi.

Kar kuma Cronbach alpha, wato lambar da ke nuna ko amsoshin tambayoyinki sun jitu da juna, ya ruɗe ki don ya haura 0.7, ɗalibai na son lambar nan kamar me. Jituwar amsa ba ita ce gaskiya ba, sikelin da ke ƙara kilo 2 kullum amsa ɗaya zai ba ki, amma ai ƙarya yake maimaitawa.

Ki fassara tambayoyin zuwa Hausa, ki ba wani da bai ga na Turancin ba ya mayar, sai ki kwatanta da na asalin ki ga inda ma'ana ta zame. Ki gwada a kan mutum 20 ko 30 tukuna. Ki fara gaida shugabannin kasuwa su haɗa ki da mutane, ki bi layi-layi kina ɗaukar kowane mutum na biyar, ba wanda ya yi miki fara'a kawai ba. Manhajar tattara amsa a waya ta KoboToolbox na aiki ko babu netwok. Kuma don Allah kar ki je da safe ana tsaka da ciniki, ki bari sai bayan azahar.