Waƙata na tashe a gari amma ko sisi ban gani ba

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mawaƙi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, ba ni da ubangida ba ni da kamfani, da kuɗin riɗin da na sayar na shiga Kano na buga waƙa biyu a sitidiyo. Yanzu shagon caji, teburin mai shayi, har 'yan acaɓa ɗaya daga cikinsu suke sawa amma wallahi ko sisi ban gani ba. An ce in ɗora ta a Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, za a riƙa biyana da dala, gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ana biya kam, amma ba yadda aka ba ka labari ba. Fara duba yadda waƙar taka ke yawo. Yaro ya je shagon caji ya ba da memori an cika masa, ya dawo majalisa ya tura wa mutum goma ta Xender, su ma suka tura gaba. Duk wannan jin da ake yi babu wata na'ura a duniya da ta ƙirga shi, in ma wani ya ci kuɗi to mai turawar ne. Manhaja tana lissafa wanda ya kunna waƙar a cikinta ne kawai, a Spotify ma sai ya saurara ya kai daƙiƙa 30 kafin a ƙirga ɗaya.

Kuma ba wai kowane ji yana da tsayayyen farashi ba ne. Kuɗin da masu saurare suke biya duk wata da na talla ake tarawa ƙasa-ƙasa, kamfani ya cire nasa, kusan kashi biyu cikin uku a raba wa masu haƙƙin waƙa gwargwadon yawan jin da kowa ya samu. To ka ga ɗan Najeriya kuɗin watansa bai kai naira dubu biyu ba, na Amurka kuwa ya haura dala 10, shi ya sa ji dubu daga Landan ko Amurka ya fi ji dubu daga Kano tsoka nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka tun 2024 suka sa doka, duk waƙar da ba ta samu ji 1,000 cikin wata 12 ba ba a lissafa mata komai.

Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma ya ce a 2024 mawaƙan ƙasar nan sun samu sama da naira biliyan 58 ta wajensa. Lamba ce mai daɗin ji, sai dai rabon gwargwadon ji ne, manyan da ake saurare a ƙasashen waje su ke kwashe kaso mai tsoka.

Ni a ganina inda mutanenka suke nan za ka fara. A manhajar Audiomack kyauta ake ɗora waƙa kai tsaye daga waya, Boomplay kuma yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a aljihun yawancin mutanen karkara. Sai YouTube, wanda a wajen waƙar Hausa shi ne babbar kasuwa, amma kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma kuɗin ba ya fita sai ya cika dala 100. Shi Spotify ba ya karɓar waƙa daga hannunka, sai ta hannun dillali irin su DistroKid da ake biya duk shekara, ko CD Baby da ake biya sau ɗaya yana cire kasonsa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, manhajar za ta nuna maka mutum kaza sun ji ka a Kano ko Kaduna, amma ba za ta ba ka lambar ko mutum ɗaya ba. Masoyan nata ne ba naka ba. Don haka ka sa a ambaci sunanka a cikin waƙar ita kanta, ka rubuta lambarka a hoton da ke jikinta, ka buɗe zauren WhatsApp, ka riƙa yanka baitin da ya fi kama baki kana sawa a TikTok. Uwar amarya a Gumel da ta ji ka a wayar ɗanta ta kira ka waƙar biki, abin da za ta biya da liƙin da za a yi maka a fili zai iya fin abin da manhaja za ta tara maka a shekara.

Tambaya: Malam wani a Facebook ya ce in tura masa dubu goma zai kawo min masu saurare dubu hamsin. In tura? Daga yankin Bichi.

Amsa: Kar ka tura. Ko dai ya cinye kuɗin ya toshe ka, ko ya sa na'urori su yi ta kunna waƙar, kuma kamfanonin suna ganewa. Spotify har tarar dillali yake ci a kan irin wannan, dillalin kuma ya sauke waƙarka ko ya rufe akawun ɗin gaba ɗaya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mace ce ina waƙoƙin biki a wajen Wudil. Mai sitidiyon da ya buga min kiɗa ya ɗora waƙoƙina a tasharsa ta YouTube, na yi magana ya ce ai tallata ni yake yi.

Amsa: Hajiya, tallar tana yi miki amfani ba musu, amma duk kuɗin da ya shigo asusunsa yake faɗawa, mabiyan ma nasa ne. Ki je da wani babba naku ku zauna da shi cikin mutunci, a rubuta a takarda waye mai waƙa waye mai kiɗa da kason kowa, a sa hannu gaban shaidu, don shi ma in ba sayen kiɗan kika yi dungurungum ba yana da haƙƙi a ciki. YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka da zai iya sa a sauke bidiyo, amma ki bar shi sai sulhu ya ƙi. Daga yanzu ki buɗe taki tashar da imel ɗinki da layin da ke hannunki, kar ki bari yaron shagon caji ya buɗe miki da nasa, kuma duk waƙar da aka gama ki karɓi asalin fayil ɗin a filashi kafin ki cika kuɗin aiki.