Hadari Na Haɗuwa Yana Watsewa: Shin Ɗaure Mana Ruwa Aka Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman masara da dankalin Turawa a bayan garin Jos. Ruwa ya sauka sau biyu ƙarshen Maris, muka yi shuka, sai ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Kullum hadari zai haɗu baƙi ƙirin, iska ta watsa shi. An ce masu buga bulo da 'yan haƙar kuza ne suka ɗaure ruwan don kada aikinsu ya tsaya, har ana karo-karo za a kai wa mai kwancewa. In bayar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri. Kada ka ba da ko sisi, ɗan'uwa, ka adana kuɗin sayen iri.

Ruwan da ya yaudare ku na bazara ne, damina ba ta kankama ba. A Maris da farkon Afrilu iskoki biyu ke ja-in-ja a kanmu: busasshiyar iskar Sahara daga arewa maso gabas, da mai danshi daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana matsawa arewa sannu a hankali, sai a Agusta take kai ƙarshen tafiyarta. Kafin ta wuce mu sosai, yau ta matso, jibi ta ja da baya. Danshin da ke shigowa a lokacin bai da kauri, busasshiyar iska na kwance a samansa.

Ga kuma tudun Jos, kimanin mita 1,200 sama da teku. Iska in ta ci karo da tudu dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, girgije ya haɗu. Shi ya sa muke ganin hadari da wuri. Amma da girgijen ya kutsa cikin busasshiyar iskar can sama, sai ta shanye shi, wani lokaci ɗigon ma ya ƙafe tun bai taɓa ƙasa ba. Abin da kuka gani ke nan. Tudun nan dai shi ya sa gefen Kagoro da Kafanchan, da ke fuskantar iskar teku, ya fi ɓangaren Bauchi samun ruwa.

To, batun ɗaure ruwa. Wallahi na gaji da jin sa, duk shekara sai an tayar da shi. Yi lissafi da kanka: ruwa milimita 20 a hekta ɗaya lita 200,000 ne. Jos na samun wajen milimita 1,400 a shekara. Wai wannan ne wani zai tsare da laya a cikin tulu? In mai bulo yana da wannan iko, me ya hana shi amfani da shi a Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke narka masa bulo a fili? Ina masu ɗaurewar suke a Yulin 2012, da ruwa ya cika madatsar Lamingo ya ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare? Farin 1973 da na 1984 sun game yankin Sahel daga Senegal har Sudan. Wane magini ne ya ɗaure wannan? Shi kuwa mai karɓar kuɗinku ya san kan tsiyarsa. Ya san ko ba jima ko ba daɗe damina za ta zauna, sai ya ce aikinsa ne. In ta yi jinkiri, ya ce ɗaurin da ƙarfi, a ƙaro baƙin bunsuru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nuna yatsa: zargi irin wannan ke sa matasa su far wa bawan Allah mai neman abincinsa, kuma garin nan ya ga isasshen tashin hankali. Mai son roƙon ruwa, ga sallar roƙon ruwa nan, ba a biyan kowa.

Kafin ka sake shuka, jira ruwa ya jera, yawanci cikin Afrilu zuwa farkon Mayu. Tona ƙasa tsawon tafin hannu. In ka tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin laimar sama, dakata. Lura da iska: muddin leɓe na bushewa da rana, ta arewa ba ta saki ba. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukarta a kowane yanki. Tambayi malamin gona na ƙaramar hukumarku. Kuma kada ka zuba irinka duka a shuka ɗaya, raba shi biyu.