Tarkon Ƙudan Mangwaro: Abin Da Za Ka Tambayi Mai Shago Kafin Ka Biya

Tambayoyin wannan makon daga masu lambu suke, kuma yawancinsu a kan tsutsar da ke cin 'ya'yan itace tun suna bisa.

Assalamu alaikum. Ina da mangwaro kusan gindi arba'in a wajen Zariya. Bara wanda ya kai farkon damina yawancinsa zubewa ya yi, in an fasa sai tsutsa. Mai shagon maganin gona ya nuna min wani tarkon roba ruwan ɗorawa, ya ce shi kaɗai ya ishe ni. In saya?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka saya, amma maganar shi kaɗai ya isa ba haka take ba.

Mai yi maka wannan ɓarna ƙuda ne baƙo, asalinsa daga Asiya. A Kenya aka fara ganinsa a nahiyarmu a 2003, cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Masana suna kiransa Bactrocera dorsalis. Girmansa kusan na ƙudan gida, da ɗigon rawaya a jiki da fukafukai garai-garai. Macen ce ke huda bawon mangwaro ta zuba ƙwai a ƙarƙashi. Ka ɗauki ɗaya da ya fara nuna ka duba da kyau, za ka ga ɗan baƙin ɗigo, wani lokaci da ɗan ƙaro ya tsattsafo ya bushe. Kwana ɗaya zuwa biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi mako guda ko fiye tana ci, ɗan itacen ya faɗo, ta fita ta shige ƙasa, bayan kamar kwana goma ta fito da fukafukai. Yana ƙaruwa sosai da zarar ruwa ya sauka, shi ya sa irin da ke nuna a makare, kamar Kent da Keitt, ya fi shan wahala.

To, abin da ke cikin tarkon wani sinadari ne mai ƙamshi, a jikin fakiti za ka ga an rubuta Methyl Eugenol. Namiji kaɗai yake jawowa. Macen da ta riga ta yi barbara ko kallonsa ba ta yi, aikinta take ci gaba da yi. Saboda haka babban amfanin tarkon a wurinka shi ne ya zama maka mai gadi: ya shaida maka ranar da ƙudan ya shigo da yadda yake ƙaruwa. Ka rataye shi kamar wata biyu kafin nuna, a cikin inuwar ganye, daidai inda hannunka zai kai in ka miƙa. Ka shafa ɗan giris a wayar don kada tururuwa ta kwashe abin da ya kama. Duk mako ka zazzage ka ƙirga ka rubuta a littafi. Makon da ka ga adadi ya yi tsalle, lokacin aiki ya yi.

Ana iya rage ƙudan ta hanyar kashe mazan da tarko masu yawa, gaskiya ne, amma sai in masu lambun unguwa sun haɗa kai. Ƙamshin yana jawo ƙuda daga nesa, in kai kaɗai ka rataya, na maƙwabta ma wurinka za su yo.

A shago ka tambayi abu huɗu: wane sinadari ne a ciki, akwai maganin da ke kashe ƙudan ko sai ka saya daban, ina lambar NAFDAC, yaushe zai lalace. Fakitin da aka riga aka buɗe ka bar musu, ƙamshin ya tsere. Kuma ka sani sinadarin yana son canji duk mako shida zuwa takwas, don haka ka sayi na canji tun yanzu. Ita robar ba wani abu ba ce. Gorar ruwa da ka huda mata ƙofofi huɗu ta sama, ka rataya audugar sinadarin a ciki, za ta yi maka aikin. Kuɗinka ya tafi kan sinadari mai kyau.

Ina da gwaiba biyu da mangwaro ɗaya a tsakar gida a Maradi, jikokina ke ci. Kuɗina kaɗan ne. Tarko zan saya ko maganin feshi?

Hajiya, Allah ya raya jikoki. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Maganin feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke cikin ɗan itace, kuma ba na so a yi wa bishiyar da yara ke tsinka suna ci feshin guba gaba ɗaya.

Abin da ya fi yi miki amfani kyauta ne. Kullum, ko aƙalla sau biyu a mako, a tsince duk wanda ya faɗo, har da wanda ke bisa amma ya nuna alamar huji. A zuba a baƙar leda mai kauri wadda ba ta da ɓula, a ɗaure baki tam, a ajiye a rana kwana biyu zuwa uku, zafi zai kashe tsutsar. Ko a binne a rami mai zurfin rabin mita, ko a ba dabbobi tun ranar. Wanda aka share aka tara a gindin bishiya ko aka watsa a juji, kiwon ƙuda aka yi. Wannan aikin mutane ke rainawa, alhali shi ke yanke zuri'ar. Tunda bishiyoyinki kaɗan ne, gwaibar da hannu ke kaiwa a sa mata jakar takarda tun tana ɗanya, a ɗaure a wuya.

In kuɗi ya samu, ki nemi abincin yaudara. Macen ƙudan tana buƙatar furotin kafin ƙwanta ya nuna, sai aka haɗa mata shi da ɗan magani mai suna Spinosad. Ana sayar da shi da sunan GF-120, a ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma Success Appat. Ba a wanke bishiya da shi. Wuri ɗaya ake yayyafa wa a ganye, faɗin kamar mita ɗaya, inda babu 'ya'ya, duk mako, a sake in an yi ruwa mai ƙarfi. Shi ne ke kashe macen da tarko ya bari.

Na rataya tarkon mangwaro a gonar kankana, bai kama komai ba, ga tsutsa ta cika gona. Jabu aka sayar min?

Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Ƙudan kankana da kabewa da kokwamba daban ne, sinadarin da ke jawo namijinsa Cue-lure ne. Har a mangwaro ma akwai ƙudanmu na gida, Ceratitis cosyra, da ya fi yawa da bazara kafin ruwa, shi ma bai damu da Methyl Eugenol ba. Tarkon da babu komai a ciki ba shaida ba ce cewa gona lafiya take, a riƙa fasa 'ya'ya ana dubawa.

Ganyen mangwarona ya yi baƙi yana danƙo, ƙarƙashinsa fari kamar auduga. Wane tarko zan saya?

Babu tarkon da za ka saya wa wannan, kada wani ya karɓe maka kuɗi. Ƙwaro ne mai tsotson ruwan ganye, yana fitar da ruwa mai zaƙi, baƙin kuma fumfuna ce da ta hau kan zaƙin. Wani nau'insa daga Asiya ya shigo ta Togo da Ghana a farkon shekarun 1980 ya yi ɓarna mai yawa, har cibiyar binciken noma ta IITA da abokan aikinta suka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Indiya wanda ke zuba ƙwansa a jikin ƙwaron. Shi ya sauƙaƙa abin a yankin. Feshi barkatai yana kashe wannan zanzaron kafin ya kashe ƙwaron. Ka sassabe rassan da suka fi kamuwa ka ƙone, ka buɗe wa bishiyar iska da rana, ƙananan bishiyoyi ka wanke su da ruwan sabulu da yamma. In bayan wata guda abin na ƙaruwa, ka yanki reshe ɗaya ka sa a leda ka kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarku ya gani da idonsa kafin ka sayi kowane magani.