Sabuwar bindigata mai ɗura kanta tana shaƙe harsashi: laifin araha ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na sayi bindigar farauta mai lamba 12 (lambar faɗin bututunta), irin wadda ke ɗura kanta bayan kowane harbi, cikin masu sauƙin kuɗi. Sabuwa ce fil, ban yi harbi 40 da ita ba. Amma cikin harbi biyar sai ɗaya ya maƙale. Wani lokaci kwanson harsashin ya tsaya a bakin tagar da yake fita, wani lokaci ya fita amma sabo bai shiga ba. Harsashi mai giram 24 (nauyin ƙwayoyin da ke cikinsa) nake sa mata. Abokina ya ce araha ba ta ado, in rabu da ita kawai. Mece ce shawararka?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar rabuwa da ita. Daga jin "giram 24" da "sabuwa ce fil" zargina ya koma kan harsashin, ba kan bindigar ba.

Irin wannan bindiga ba ta da wani ƙarfi nata na kanta. Duk aikin da hannunka zai yi a wata bindigar, wato ja da sakata (ƙarfen da ke tokare bayan harsashi) baya, fizgo kwanso, jefar da shi, ɗaga kunama, ɗauko sabon harsashi a tura shi mazauninsa, daga ƙarfin harbin take aronsa. In harsashin ya yi rauni, sakata ba za ta kai ƙarshen tafiyarta ba, sai ta juyo daga rabin hanya. In ta juyo da wuri sosai, ta cafke kwanson yana shirin fita, ka gan shi a tsaye a taga kamar an dasa. In ta ɗan ƙara nisa, kwanso ya fita amma ba ta kai inda za ta ɗauko na gaba ba. Ka ga matsalolin nan biyu da ka lissafa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Harsashi mai giram 24 kuwa na harbin faifan laka ne a filin gasa, an yi shi ne don kada ya gajiyar da kafaɗa. Bindigar farauta da aka ƙera don ta ɗauki harsashi mai tsawon milimita 76 an ba ta sifirin mai tauri, saboda kada manyan harsasai su ragargaza mata ciki. Ka ɗauko sifirin da aka yi don giram 40 zuwa sama, sabo dal, bai taɓa laushi ba, ka ce giram 24 ya danne shi? Ai an ɗora wa yaro kayan babba.

Ba ka faɗa mini wace iri ce taka ba, kuma hakan na da muhimmanci. Cire mariƙin gaba ka duba. In ka ga fistin da zoben roba a kan bututun da ake jera harsasai, kuma akwai 'yan ƙananan huji a ƙarƙashin bututun harbi, to mai aiki da iskar albarushi ce, tsarin da Remington 1100 ta yi suna da shi tun 1963. In ba ka ga komai ba sai bututu tas, mai aiki da shuri ce, tsarin Benelli, wanda kamfanoni da dama, musamman a Turkiyya, suke kwaikwaya yanzu. A wannan tsarin, idan bindiga ta yi shuri baya, jikin sakata mai nauyi yakan tsaya cik na ɗan ƙiftawar ido, ya matse wani gajeren sifirin mai kauri da ke cikinsa, sannan sifirin ɗin ya cilla shi baya. Ita wannan ta fi tsabta, ba ta tara kunkunniya, amma ta fi tsangwamar ƙaramin harsashi. Kuma tana son a kafa ta sosai a kafaɗa. Riƙon sakainar kashi, ko riga mai kauri da ke shanye shurin, ko rataya mata kayan ƙarin nauyi, duk suna iya sa ta ƙi zagayowa.

In mai iska ce, koma ka binciki kwalin da ta zo a ciki. Wasu, kamar Weatherby SA-08, da fistin biyu suke zuwa, ɗaya na ƙananan harsasai ɗaya na manya. Mutum zai yi ta zagin bindiga alhali maganin na kwance a ƙasan kwali cikin leda. Wannan rigimar ma ba sabuwa ba ce. Browning Auto-5, kakar dukansu, wadda aka yi ta ƙerawa har 1998, zobba gare ta da mai ita ke sauya wa zama gwargwadon nauyin harsashi.

To me za ka yi? Fara da wanki, bayan ka tabbatar da idonka da yatsanka cewa babu harsashi a mazauni ko a ma'ajiya. Abin da ka gani mai danƙo a jikin sabuwar bindiga ba man aiki ba ne, giris ne na hana tsatsa a hanya da ajiya, kuma in sanyi ya buge shi daskarewa yake. Goge shi kaf daga sakata da hanyoyin da take bi. Wurin da kowa ke mantawa shi ne dogon sifirin da ke maido da sakata gaba, wanda a yawancinsu yana ɓoye cikin gindin bindiga. Na taɓa zaro na wata sabuwa, sai ga giris ya cakuɗe da ɓurɓushin ƙarfe na masana'anta, tsumman da na sa ya fito baƙi ƙirin yana ƙyalli. Nan ne araha take nuna kanta: ba a ɓata lokaci wajen gogewa da share gefuna. Bayan wanki ka ɗiga mai kaɗan a hanyoyin sakata. Fistin kuwa galibi a bushe ake barinsa, don mai da hayaƙi in sun haɗu kwalta suke zama. Amma abin da littafin bindigarka ya ce shi ne gaba da maganata.

Sai horo. Nemi harsashi mai giram 32 zuwa 36, mai gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, ka harba kamar 100 zuwa 200. Wannan ne ke sa ƙarafa su goge juna su daidaita, sifirin ya zauna. Sannan ka sauko giram 28 ka gani. Da yawansu bayan horo suna cin giram 28 lafiya lau. Giram 24 kuwa, gaskiya, wasu har abada ba za su yarda da shi ba, kuma ni ban ɗauki wannan aibu ga bindigar farauta ba. Mai tsada tana cin kusan duk abin da ka ba ta, mai araha tana da zaɓe. In ka gano harsashin da take so, ka tsaya a kansa.

Akwai wata maƙalewar daban da ya kamata ka iya bambancewa. In kwanso ya ƙi fitowa daga mazauni sam, har ƙugiyar da ke fizgo shi ta yage masa baki, wannan ba rashin ƙarfi ba ne. Gindin harsasai masu araha yawanci ƙarfe ne aka yi wa rufi mai kama da tagulla. Yana buɗewa da harbi amma ba ya komawa kamar tagullar gaske, sai ya kama bangon mazauni, balle in bangon na da kaushi ko tsatsa. Wanke mazaunin da buroshi, ka canja kamfanin harsashi. Haka nan harsashin da ya sha laima ko ya lotse a aljihu ba ya shiga sumul. In kuma ka ja kunama ka ji "ƙas" ba harbi, a masu aiki da shuri sau da yawa sakata ce ba ta kulle ba, don an raka ta a hankali maimakon a sake ta ta rufe da ƙarfinta. Duk da haka bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa na kamar rabin minti kafin ka buɗe. In harbi ya fita da wata 'yar ƙara mara ƙarfi, kada ka sake harbi sai ka sauke harsasai ka leƙa bututun, domin wani abu na iya tsayawa a ciki.

Abu biyu nake roƙonka kada ka yi, ko wa ya ba ka shawara: yanke sifirin da faɗaɗa hujin iska. Za ta ci giram 24 ɗin kam, amma ranar da ka sa mata babban harsashi sakata za ta riƙa dukan bayan gidanta har wani abu ya tsage, ga shi ka zubar da garantinka. Kuma karanta abin da aka rubuta a jikin bututu: in milimita 70 ne, kada mai 76 ya shiga, ko da ka ga ya zauna daidai.

In ka wanke, ka yi horon, ka gwada harsashin kamfani biyu ko uku masu giram 32, amma har yanzu tana maƙalewa fiye da sau ɗaya ko biyu cikin 100, to abokinka ya ci rabin gaskiya. A nan sai a duba zoben roba ko ya tsage, ƙugiya ko ta dakushe, ko maɗagin harsashi ya karkace. Mayar da ita wurin dillalin da ya sayar maka tun garanti bai ƙare ba, ka tafi da kwansunan da suka maƙale da kwalin harsashin, don tabon da ke jikinsu zai nuna wa mai gyara inda zai fara dubawa.